Fararen 'Yan Tsaki

"Buɗe mana, Zulfana! Tsarabarki ce."

Mujahid ya sauke kwando daga bayan babur a ƙofar gidanmu na Magama, yana murmushin nan da na sha faɗa da Yaya Lado a kansa.

Na ɗaga murfin...

'Yan tsaki ne, wasu jajaye, wasu farare tas.

Gabana ya faɗi!

Kwanakin baya ya ari jan zakarana, wanda ko Baba ba na bari ya taɓa. Wai zai kai wa kajin Innarsa a Ɗan Issa, can tsallaken boda. Ko musu ban yi ba, tunda aure za mu yi bayan kaka.

"Ɗiyan kajin Inna ne?" na tambaya.

"Ƙwarai! Ta ce a gaishe da surukarta."

"Ta sayi hwarar kaza ne?"

"Ina! Jajayen nan dai da kika ba ta."

Wayyo ni! Da ma ya yi shiru.

Irin nan ni na raine shi, na san shi kamar yunwar cikina. Ja da ja, ja suke ƙyanƙyashewa. Sai jan zakara ya hau farar kaza ake ganin haka: matan su ɗauko jan uba, mazan su ɗauko farin uwa. Fararen kajina kuwa mutum ɗaya na taɓa bai wa, ƙawata Na'ima, da suka koma Ɗan Issa bara. A ƙofar gidansu Yaya Lado ya rantse ya ga babur ɗin Mujahid. Ni kuwa sakara na kira shi mahassadi, na daina gaishe shi.

"Mi ya same ki, rabin raina?"

Na durƙusa na tsince jajayen cikin haɓar zanina.

"Waɗanga ɗiyan zakarana ne, nawa ne."

Na tura masa kwandon da ƙafa.

"Hwararen ga, kai ma Na'ima. Uwarsu suka biyo."

Murmushin ya ɗauke.

"Zulfa... wallahi zakara kawai na kai mata..."

"To mi ya sa ka ce Inna?"

Ya ɗauki kwandon ya mayar bayan babur.

Na tsane shi a lokacin, amma na fi tsanar kaina.

Ina jin kukan fararen har babur ɗinsa ya sha kwana ya nufi boda.

A tsakar gida na tarar da Yaya Lado, ya ji komai.

"Yaya... ina wuni?"

Bai ce ai na faɗa miki ba. Akurki kawai ya janyo ya buɗe mini, sai a nan kukan ya ƙwace mini.