Kwanon Man Tsohuwar Tifa

Rana ta kusa faɗuwa, Mai Tifa yana kwance a ƙarƙashin motarsa a ƙofar gida yana ɗaure noti na ƙarshe, sai ya ji wani abu ya faɗo a kan rufin kwano. Ya ɗauka 'yan unguwa ne. Da na biyu ya gangaro gabansa, ya ga noti ne mai tsatsa, da zafi kamar daga wuta aka ciro shi.

Wata takwas ke nan tifar tana zaune. Injinta babba ne, irin na da, kwanon da ke riƙe baƙin mai a ƙasansa ya fashe, salansar ta ruɓe. Da ya je filin da ake sayar da tsoffin ƙarafa, mai ƙarafan ya nuna masa kwanuka uku. Ɗaya ba zurfi, ɗaya zai riƙa taɓa ƙarfen ƙafafun gaba, na ukun ramukan notinsa ba su dace ba. Can ƙarshen fili kuwa ga wata tsohuwar tifa, ciyawa ta tsiro a cikinta, kwanonta da salansarta lafiya lau.

"Waccan ba ma taɓa ta," in ji mai ƙarafan.

"Kai ne ba ka taɓawa," in ji Mai Tifa, ya ɗauko sifana.

A gida ya zuba wa kwanon fetur, ya cinna wuta don tsohon man da ya daskare ya ƙone, sannan ya ɗaura shi a motarsa. Salansar kuma ya jingine ta a bangon tsakar gida.

Daga ranar ba a fasa jifa ba, kullum da magariba. A kwana na uku matarsa tana kwashe shanya ta ji kuka yana fitowa daga bakin salansar, siriri, irin na jaririn da ya gaji. A na biyar 'yarsu Auta, mai shekara goma sha uku, ta ajiye tsintsiya, ta shiga ƙarƙashin motar ta rungume kwanon. Maza uku suka taru kafin aka ɓamɓare ta. Idonta a buɗe, amma ba ta san kowa ba.

Bayan la'asar aka kawo Malam, wani tsoho marar yawan magana. Ya zauna kusa da kanta ya yi ta karatu, a hankali, har inuwa ta cinye tsakar gidan. Sai bakin Auta ya buɗe, muryar wata tsohuwa ta fito.

"Ya isa. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke? Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ita ba komai. Ubanta. Shekara ashirin muna cikin motar nan. A kwanon nan 'ya'yana biyu suke kwana. Ya ɗauko su, ya zuba musu wuta. Ɗaya ya mutu. Ɗayan yana cikin bututun can yana kuka."

Uwar Auta ta toshe baki.

"Bai sani ba," in ji Malam. "Ba a ramawa kan wanda bai yi laifi ba. Faɗi abin da zai sa ki fita."

"Ya mayar da kayan inda ya ɗauko. Duka biyun."

Malam ya juyo. Mai Tifa ya sunkuyar da kai. Wata takwas. Kwanon ya zauna daram, ko ɗigo ba ya yi, kuma ya san ba zai sami irinsa ba. Shi mutum ne da bai taɓa karɓar magana ta farko a ciniki ba, sai harshensa ya riga shi.

"Salansar dai zan mayar yanzu. Ai a ciki mai ran yake. Kwanon kuwa, wanda ya mutu ya riga ya mutu."

"Baban Auta!" matarsa ta yi ihu.

"Bawan Allah, janye maganar nan," in ji Malam.

Amma muryar ta riga ta fara dariya, ƙasa-ƙasa.

"Na yarda. Ya ba da rabi, zan bar masa rabi."

Auta ta yi atishawa sau uku, jikinta ya saki. Ta buɗe ido, ta ce, "Umma, ruwa." Uwar ta miƙa mata kofi. Hannun hagu ya karɓa. Na dama yana kwance a tabarma, ƙafar dama ma haka, gefen bakinta ya karkace, ruwan yana zuba a wuyanta.

Malam ya sake karatu har muryarsa ta dushe. Ba wanda ya amsa. Babu kowa a jikinta kuma.

Da gari ya waye Mai Tifa ya kwance kwanon, ya ɗora shi da salansar a baro ya tura da gudu. A ƙarshen filin ya tarar babu tsohuwar tifar, sai ƙasa baƙa da ciyawa a kwance. Mai ƙarafan ya ce tun da ya ga an taɓa motar ba abin da ya faru, jiya ya sa aka yanka ta, aka kai kamfanin narka ƙarfe.

Ya turo baron ya dawo. Matarsa tana bakin ƙofa, ta goya Auta kamar jaririya, ƙafar yarinyar tana jan ƙasa. Ta dubi kayan, ta dube shi.

"Ka mayar a motarka," ta ce. "Ai naka ne yanzu. Ka saya."