Zuma Mai Ɗaci ta Kwarin Azru

A shekara ta tara ta sarautar Sarki Yidir a Tamarsa, farkon hunturu, lokacin da ake kakkaɓar zaitun, jirage uku na fataken Janawa, Turawan ƙetare, suna tsaye a bakin teku suna jiran zuma da kaki. Shekara biyu ke nan da ƙanin Sarki, Farhat, ya nemi gadon sarauta da takobi, ya sha kashi, ya shige duwatsu da mutanensa. Ba wanda ya san inda ya sauka.

Dokar garin a kan zuma tsohuwa ce, tun ranar da Janawa suka dawo wa kakan Sarki da tulunan zuma ɗari da aka haɗa da ruwan ɓaure. Tulu ba ya hawa jirgi sai aminin zuma ya ɗanɗana, ya rubuta sunan kwarin da ta fito, ya buga hatimi a dalma. Curin kaki kuwa sai an sara shi da gatari an duba ko da kitse a ciki. Aminin da ya buga hatimi a kan ƙarya, hannun da ya buga shi ake sarewa.

Amini a lokacin shi ne Mezyan, dattijo mai tsoron Allah, amma ciwonsa ɗaya: ba ya iya barin abu bai san asalinsa ba.

Wata safiya Ƙa'id Lunis, shugaban dakarun ƙofa, ya kawo tulu arba'in. "Daga gonata ta Tala. Buga mu wuce, Sidi, iska ba ta jiran tsofaffi."

Mezyan ya tsoma tsinke ya lasa. Zumar Tala ƙamshin ganyen za'atar take yi, ya san ta kamar muryar 'yarsa. Wannan kuwa da zaƙi ta fara, sannan wani ɗaci ya taso daga can ƙarshen harshe ya zauna. Ya sake lasa. Shekara talatin yana aikin nan, bai taɓa gamuwa da ita ba, kuma maimakon tsoro daɗi ne ya kama shi.

"Sai gobe, Ƙa'id," ya ce.

Ya ɗebi kaɗan a ƙoƙo ya kai gida. Matarsa Tasa'adit ta lasa, ta fashe da dariya.

"Kai tsoho! Kana ta lashe tulunan mutane har gemu ya yi fari, ba ka san zumar sasnu ba? Tamu ce ta Azru. A kaka itacen yake fure. Ba ma kawo ta birni, ku mutanen teku ba ku iya shan ɗaci ba."

"Azru? Ai Lunis da bakinsa ya shaida wa fada annoba ta cinye Azru, ya sa dakarunsa suka rufe hanya. To wa ya ɗebi zumar bana?"

Dariyar ta ɗauke. Yayyenta biyu suna can, shekara biyu tana yi musu kukan mutuwa.

"Suna raye ke nan," ta ce a hankali. Sannan ta kama hannun rigarsa. "Mezyan, kada sunan kwarin nan ya fita daga bakinka. In ba za ka buga ba, ka ce ba ka san ta ba."

Ya yi mata alkawari, kuma da gaske yake.

Washegari Lunis ya kai ƙara fada, cewa amini ya tsufa, yana ɓata wa baƙi lokaci. Aka kira Mezyan, ya faɗi ya yi gaisuwa.

"Allah ya ja zamaninka, ba zumar Tala ba ce. Ba zan buga ba."

"Ta ina ce?" in ji Sarki, yana jujjuya tsinken a bakinsa, shi ma ɗacin ya ba shi mamaki.

"Ban san ta ba, ranka ya daɗe."

Lunis ya yi dariya ya dubi fadawa. "Kun ji ko? Harshen ya mutu. Ko maɗi aka ba shi, zuma zai ce."

A nan dattijon ya kasa. An taɓa abu guda da yake taƙama da shi a duniya.

"Sasnu ce! Kuma sasnu mai yawan da zai cika tulu arba'in sai Azru!"

Sarki ya ajiye tsinken ya juya ga Lunis. "Matattun Azru har kiwon zuma suke yi, Ƙa'id?"

Abin da masu riƙe da labarin suka faɗa shi ne, an sami akwatunan kwari da baka a gidan Lunis, waɗanda yake saye da kuɗin zumar yana aika wa Farhat, wanda ashe a Azru ya ɓuya, zancen annoba kuwa ƙarya ce. An fille kansa a ƙofar da yake gadi. Runduna ta kewaye Azru kwana arba'in, aka sa wa kurmin sasnu wuta har da amyoyin da ke ciki, aka sauko da Farhat cikin sarƙa. Yayyen Tasa'adit ba su fito daga kwarin ba.

Sarki ya yafa wa Mezyan alkyabba, ya ƙara wa dokar ƙarfi, zumar Tamarsa ta yi suna har bayan teku. Masu mulki haka suke: abin da talaka ya sani ba ya zama nasa daga ranar da ya isa kunnensu. Ni dai ban iya zagin tsohon ba, ban kuma iya wanke shi ba. Bai yi ƙarya da hatimi ba, hannunsa ya tsira. Amma an ce har ya mutu Tasa'adit ba ta sake kiransa tsoho ba. Takan ajiye masa abinci, ta ce, "Ga shi, Amini," ta koma ɗaki.