Moton da Ba Ya Barin Hanya

Ranar da Jibirilla ya fara ganin Salima, motonsa ne ya tona masa asiri. Moto ne, wato babur mai ƙafa uku, na koperatif, ƙungiyar masu lambu a Gure, an saka masa ɗan akwatin GPS da ke ja masa linzami. Da ka kauce daga hanyar da aka shata sai ya yi ƙara ya mutu, don kada taya ta tattake ciyawar da ake dasawa ta riƙe tudun rairayi. To, yarinya na tsugune tana dashe, ido ya bi ta, hannu ya bi ido. Sai tiit, tiit! Moto ya mace.

"Malam, hanya tana can," in ji ta, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Nan shukata ce."

"Na ga hanyar, ranki ya daɗe. Wani abu ne ya fi ta kyau."

"To tura abinka, Mai Linzami."

Suna ya bi shi, so kuma ya kama su biyun.

Matsalar tana wajen mahaifinta, Malam Aisami, mai lambun dabino a kwarin da ke bayan tudun. Tsoho ne da ba a maimaita masa magana, kuma dama wani ɗan kasuwa Zaharaddini yana ta zaryar neman aurenta da babbar mota.

"Dabinona ya nuna," in ji tsohon, ranar da Jibirilla ya je gaishe shi. "Ka kawo moton nan bakin lambuna ka kwashe, sannan a yi zancen aure. Namijin da ɗan akwati ke ja wa linzami, ina zai riƙe gida? Zaharaddini bai ce mini motarsa tana tsoron ciyawa ba."

Jibirilla ya je biro, wato ofishin koperatif, ya roƙi a buɗe masa hanya. Aka ce shugaba ya tafi Damagaram. Ya koma, aka ce babu rezo, intanet ta ɗauke. Ya sake komawa, mai makulli ya tafi suna. Kai, wannan takaici da me ya yi kama! Ya ciro salula ya rubuta wa Salima:

"Sanyin idona, Baba ya ce moto ko a fasa. Bakanike ya ce waya ɗaya ce a jikin GPS ɗin, a tsinke a huta."

"Mai Linzamina, tsinke mana. Amma duk wanda tayarsa ta hau shukata ya manta da lambata. Rani guda na yi ina ɗauko mata ruwa a ka."

"Haba Salima! Uba ya ce shiga, 'ya ta ce kar ka shiga. In yi yaya?"

"Ai kai ne mai neman aure."

Gaba kura, baya sayaki. Ya yi tsaki har maƙwabci ya leƙo.

Washegari ya ajiye moto daidai inda hanya ta ƙare, ya gangara lambu da ƙafa ta 'yar siririyar hanyar masu dashe, ya saɓi buhu.

"Moto na ce," in ji Malam Aisami daga inuwa.

"Yana sama yana jira, Baba. Dabino zai isa kasuwa yau, in sha Allahu."

Rairayi na haɗiye masa ƙafa, rana na dukan ƙeya, shi kuwa yana hawa yana tsine wa wanda ya ƙirƙiro GPS. Can ƙafa ta zame, ya mirgino, buhu ya fashe. Ya zauna yana tsintar dabino, hawayen haushi na zuba, bai ma ɓoye ba.

Sai ga Salima. Ta miƙa masa ruwa, ta naɗa gammo, ta ɗora kwando a ka.

"Ke, sauke wannan!" in ji tsohon.

"Baba, ni na hana shi shigowa. Da ni za a ɗauka."

Malam Aisami ya dube ta, ya dubi saurayin da ya miƙe zai sake saɓar buhu. Ya daɗe yana shafa gemu.

"Tun tana goye nake tunanin wa zai iya da taurin kan yarinyar nan," ya ce. "Ashe akwai wanda ya fi ta. Kai, ka turo magabatanka. Amma sai ka gama kwashewa!"

Bayan an gama girbin dabino aka ɗaura aure, Gure ta cika da dangi har daga Bune da Gamu. Da aka zo tafiya da amarya, tsohon ya riƙe hannunta.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a ta gari. Ya kuma ba ku haƙurin juna, don wallahi za ku buƙace shi."

Kowa ya ce amin, amma ta Jibirilla ce aka ji har waje.