Ɓarakar da Auta Ta Toshe

"Kowa ya kwanta! Kai, gemu, fuskarka a ƙasa!"

Muryar Oga ce ke fasa kunnen Injiniya ta waya. Shi yana zaune a bayan mota, tsallaken titi, kwamfuta a cinya. Da yatsa ɗaya ya buɗe musu ƙofofin ma'ajiyar kamfanin gwal, da rana tsaka, ranar hutu.

Ai ya san gidan ciki da bai. Shi ke kula da sabar, babbar kwamfutar da ke riƙe da ƙofofi da kyamarori, kafin su kore shi. Manhajarta na da ɓaraka, masu ita sun fitar da gyara tuni, manaja ya ce ba za a tsayar da aiki don wannan shirme ba. Ta nan Injiniya ya shige, ko gumi bai yi ba.

Abu ɗaya ya roƙi Oga: a yi ranar da ƙanwarsa ba ta aiki. Auta ce ta gaji kujerarsa. Shi ya rene ta bayan rasuwar mahaifiyarsu, shi ya ɗora hannunta a kan kwamfuta.

"Dogo, kwashe! Kwashe, dalla!" Oga ya daka wa yaronsa tsawa.

Sai ga Auta a kyamarar ƙofar baya. Silifas ɗin gida, mayafi a karkace, tana sauri.

Wayyo Allah! Saƙon! Duk wanda ya taɓa sabar, tana tura gargaɗi zuwa wayar mai kula da ita. Shi da hannunsa ya haɗa wannan, ya kuma manta.

Ya kira ta.

"Yaya, ina zuwa, wani ɗan iska ne ya shigo mana saba."

"Auta, fita! Don girman Allah ki fita!"

"Kai fa ka ce in an shigo, a toshe tukuna, a yi surutu daga baya."

Ta kashe. Ba ta san akwai bindigogi a gaba ba.

Ya yi wuf zai buɗe mata hanya—allonsa ya ɗauke. Ya sake gwadawa. An kore shi daga sabar. Ta toshe ɓarakar, ta danna kullen gaggawa, ƙofofin ginin suka rufe—garam! garam! Da ita a ciki.

"Injiniya!" Oga ya yi ƙaraji. "Ka sayar da mu, ko?"

"Wallahi ba ni ba ne! Oga, ka saurare ni—"

"To wa ke ɗakin na'ura?"

Jiniyar 'yan sanda ta karyo kwana. Direbansu ya buɗe mota ya ranta a na kare. Injiniya ya tsallaka titi da gudu, yana dukan ƙofar ƙarfe har fatar hannunsa ta saɓule, yana kiran sunan da tun tana goye yake kiranta.

Tau! Harbi ɗaya, daga can ciki.

Dogo ya mutu a musayar wutar da ta biyo baya da 'yan sanda. Oga ya fito da ankwa, ya tofa wa Injiniya yawu. Gwal ko ƙwaya bai bar ginin ba.

Aka fito da gawar Auta a rufe, silifas ɗaya ya faɗi a bakin ƙofa. Injiniya na durƙushe, ko motsi bai yi ba da aka murɗe hannunsa.

Sufeto ya dube shi. "Kai ne gwanin kwamfutar tasu? To yarinyar nan ta fi ka. Ko wa ya koya mata, oho."

Injiniya ya buɗe baki, kuka ya riga magana fitowa.

"Ni ne," ya ce.