Ƙofar da Ba Ta Buɗuwa Daga Ciki

Magariba ta kawo jiki a unguwar Tremont da ke Bronx. Masu shaguna suna jawo ƙofofin ƙarfe, yara suna shigewa gida, ƙamshin miyar kuka yana fita ta tagar Mariama a hawa na huɗu. Yammaci ne kamar kowane yammaci, sai dai tukunyar tafasasshen ruwa da mijinta Ɗanasabe ya sauke daga wuta ya nufi ƙofa da ita.

"Maigida, ina za ka da ruwan zafi da almuru haka?"

"Mota zan wanke. Warin bayanta ya ishe ni."

"Ka bari sai da safe mana. In kuwa ka ƙi, to ka yi bisimilla, ka yi gyaran murya kafin ka zuba. Ba mu kaɗai ke zaune a duniya ba."

Tsaki ya ja, ya ce nan Amurka ce, ba Maraɗi ba. Ya tura ƙofa da ƙafa ya sauka.

Motar da ake magana tsohuwar motar 'yan sanda ce, irin wadda ake ƙera wa don sintiri da bin masu gudu a babbar hanya. A gwanjo ya saye ta. An cire jiniya, an cire fitilun kai, an ɓare tambari, amma inuwar rubutun tana nan a jikin ƙofa, ƙarfen tunkuɗa motoci yana nan a gabanta. Injin kuwa, in ya taka ta sai ta yi gurnani har cikin ƙirjin mutum. A ciki akwai shingen ƙarfe tsakanin gaba da baya. Kujerar baya ta roba ce mai tauri, ƙasanta ma roba, don a riƙa watsa ruwa a wanke amai da fitsarin waɗanda aka kama. Ƙofofin baya kuma ba sa buɗuwa daga ciki, sai wani ya buɗe maka daga waje.

Mariama ta tsani motar nan kamar mutuwarta. Duk ranar da ya faka ta a ƙofar gida sai samarin layi su watse, tsofaffin da ke hira a bakin shago su yi tsit. Ta roƙe shi ya cire shingen, ya gyara ƙofofin. Ya ƙi. Haka yake son ta, kuma ta san dalili. Shekarun baya, lokacin da yake yawon tallar turare da agogo, a wani ƙaramin gari da ke wajen birni aka ɗaure masa hannu ta baya, aka danna kansa cikin irin wannan mota, a gaban 'yarsa Hidaya tana 'yar shekara shida. Kafin la'asar aka sake shi, aka ce kuskure ne. Waɗanda suka kama shi sun manta, shi bai manta ba. Ya yi rantsuwa har abada ba zai sake zama a bayan irin motar ba, kuma wata rana shi zai riƙe sitiyarinta. To ya riƙe, amma fushin bai sauka ba, sai ma ya sami wurin zama.

Ya buɗe ƙofar baya, warin tsohon gumi ya buge shi, ranar nan ta dawo masa sabuwa fil. Maimakon sunan Allah, ashar ya lailayo ya auna wa mutanen da ba sa wurin. Ya sheƙa ruwan gaba ɗaya a ƙarƙashin kujera.

Wani ɗan siririn ƙara ya fito, gajere, kamar an taka ɗan kyanwa. Ɗanasabe ya ce ƙarfe ne ya ji zafi. Ya ɗaga kai ya ƙwala wa Hidaya kira ta kawo tsumma. Yarinyar, wadda yanzu take da shekara goma sha shida, ta sauko tana ƙunƙuni da Turanci, ta shiga baya ta durƙusa tana gogewa. Babu iska a layin, ko leda ba ta motsi, amma ƙofar ta rufu a kanta. Ya ga bakinta yana buɗewa ta cikin gilashi, bai ji sautin komai ba. Da ya buɗe, ta fito a hankali, ba ta dube shi ba, ta haye sama ta bar tsumman a ciki.

Ba ta ci tuwo ba a daren. Washegari da magariba aka fara jifa. Tsakuwa ce ke bugun gilashin taga, tau, tau, a hawa na huɗu inda hannun yaro ba zai kai ba. Ɗanasabe ya leƙa yana zagin samarin layi, ya tarar layin wayam. Bayan jifa sai haske, ja da shuɗi, yana zagaya rufin falo, alhali babu wata mota a ƙasa sai tasa da ke kashe. Daga kicin kuma ana jin ƙarar oba-oba, murya tana magana a shaƙe, ta tsaya, ta ci gaba. Mariama ta shiga da salati ta tarar da tukwane kawai.

Duk wannan mai sauƙi ne a kan halin Hidaya. Ta zauna a bakin gado, ta mayar da hannuwanta biyu baya ta haɗe su, ta ƙi sakewa. Uwar ta ja, uban ya ja, kamar an yi musu walda. Wuyan hannun ya yi shatin ja, daga nan ya kumbura, yatsun suka fara yin baƙi. Suka kai ta asibiti. A gaban likita hannuwan suka saki, aka duba ba a ga komai ba, aka ce damuwa ce. Suna taka ƙofar gida hannuwan suka koma baya suka ɗaure.

A rana ta huɗu Mariama ta daina kuka, ta tsaya a gaban mijinta.

"Wallahi in yarinyar nan ta rasa hannu, ban yafe maka ba duniya da lahira. Na ce ka yi bisimilla. Kalma ɗaya! Uwarka ba ta koya maka ba? Kai da ƙaton ƙarfenka, ka tsorata unguwa, yanzu ka cinye mini ɗiya."

Ya buɗe baki zai yi tsawa yadda ya saba, sai aka yi dariya daga ɗakin Hidaya. Dariyar tsohuwar mace ce. Ya rufe bakinsa, ya ɗauki waya ya kira Malam Fataw.

Malam Fataw mutumin zangon Kumasi ne, limamin wani ƙaramin masallaci a unguwar University Heights, dattijo maras yawan magana wanda aka sani da ruƙiyya. Ya iso bayan la'asar. Ya tsaya ya daɗe yana duban motar kafin ya hau bene. A ɗaki ya sa Mariama ta lulluɓe yarinyar ta riƙe kafaɗunta, ya zauna a ƙasa ya fara karatu. Muryarsa ba ta da ƙarfi, amma ba ta yankewa. Rana tana sauka, ɗakin yana duhu, tsakuwa ta fara bugun taga. Bai tsaya ba. Can jikin Hidaya ya sandare, kanta ya ɗago.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni, kuma ba ni na fara ƙuna ba."

Mariama ta saki salati. Hidaya a Bronx aka haife ta, in an yi mata Hausa da Turanci take amsawa. Wannan kuwa Hausa ce tsantsa ta tsofaffi, mai nauyi.

"Wace ce ke?" in ji Malam.

"Mai gidan da aka ƙona. Tun motar tana sabuwa nake bayanta. Na sha gudu a cikinta har ƙasa ta zama ruwa, na ji kukan maza iri-iri a kan kujerar nan. Da aka yar da ita a filin gwanjo, a ƙarƙashin kujerar na haihu. Masu kaki sun yi shekaru suna wanke ta da ruwan sanyi, ba su san da mu ba, ban riƙe su da komai ba. Shi fa?" Idanun yarinyar suka juya kan Ɗanasabe. "Shi ya sani. An goya shi da sanin. Matarsa ta tuna masa a bakin ƙofa. Ya zo da tafasasshen ruwa da ashar ya saɓule wa ɗana hannu."

Ɗanasabe ya zabura. "Motata ce! Wa ya ce ki zauna a ciki? Sakar mini ɗiya!"

"Yi shiru!" Tsawar da ta fito daga bakin yarinyar ta girgiza gilashin taga. "Ina jin warinka, kai ma ka taɓa zama a baya. Ka san yadda mutum yake lalubar ƙofa ya rasa abin kamawa. Ka sami gaba, shi ne ka juyo ka ƙona na baya. Hannu da hannu. Na ɗana ya tafi, na 'yarka zai tafi."

"Yarinya ba ta zuba ruwa ba," in ji Malam Fataw. "Ba a kama wani da laifin wani, a wurinku ko a wurinmu. Ki fita."

"To a yanka mini baƙin rago a kan motar."

"Ba a yanka sai don Allah. Ko kaza ba za ki gani ba." Ya koma karatu, ya ɗaga murya. Yarinyar ta yi ta murɗewa, tana gurnani irin na injin motar, har Mariama ta kusa sakinta. Sai muryar ta karye, ta koma kuka.

"Ɗana yana can kwance a ƙarƙashin kujera, babu wanda ya ce masa sannu. Wanda ya ƙona shi ya shiga baya ya zauna da shi, a rufe ƙofa, ya ba shi haƙuri da bakinsa. Sai in bar yarinya in je in ɗauki abina. Mu fita ta hannun wanda ya buɗe daga waje."

Malam ya dubi Ɗanasabe. "Wannan ba bauta ba ce, hakki ne. Ka yi ɓarna, ka ba da haƙuri. Ke kuma ki yi alkawari da sunan Allah ba za ki dawo ba."

"Na yi."

"Malam, na rantse ba ni sake zama wurin nan," in ji Ɗanasabe.

"Sai ka yi kaffarar rantsuwa. Hannu kuwa in ya mutu ba ya dawowa."

Mariama ta juyo gare shi. Ta ɗaga mayafin ta nuna masa yatsun 'yarsa, sun yi baƙi har gaɓa ta biyu. Ya duba, ya juya ya fita. Ta bi shi a baya.

Mutanen layi suna tsaye a bakin shaguna, samarin da yake kora da motar suna zaune a kan matakala. A gabansu duka Ɗanasabe ya buɗe ƙofar baya, ya sunkuyar da kansa da kansa, ya shiga. Mariama ce ta rufe ƙofar, kuma ba a hankali ta rufe ba.

Ciki zafi kamar gidan burodi. Gwiwoyinsa suka tokare shingen ƙarfe. Ta cikin ragar yana hango sitiyari da kujerar da yake taƙama da ita, kusa ƙwarai, ba halin taɓawa. Hannunsa ya lalubi ƙofa da kansa, ya sami roba sumul. Fushin shekara goma ya taso masa har wuya, ya nemi wanda zai zaga, sai ya ji nishi a ƙarƙashin kujera, ƙarami, irin na jinjirin da ya gaji da kuka.

Ya sunkuyar da kai wajen nishin. Sannan ya ce, "Bismillahi. Sannu, yaro. Sannu. Ni na ƙona ka, ba ka yi mini komai ba. Waɗanda suka yi mini ba su nan. Ka yi haƙuri." Ya kifa goshinsa a kan ragar ƙarfe yana kuka, bai damu da masu kallo ba.

A sama, Hidaya ta yi atishawa sau uku, hannuwanta suka zube gabanta. Ta dube su, ta dubi Malam Fataw, ta tambaya da Turanci ina babanta. Ya nuna taga. Da ta leƙa ta ga kansa a sunkuye a bayan motar, sai ta yi wata irin ƙara ta ruga matakala ba takalmi. Ta taɓa ganin wannan tana shekara shida, ranar da aka riƙe ta a gefen hanya ba ta iya yin komai ba.

Yatsunta ba su gama dawowa ba. Ta kama mariƙin ƙofar ya suɓuce, ta sake kamawa da hannu biyu ta ja. Ƙofar ta buɗe. Wata iska mai zafi ta fito ta tsakaninsu, ta kaɗa mayafin Mariama, ta bi layi ta wuce, ledoji suna tashi a bayanta. Ana ta kiran sallar magariba a wayoyin mutane.

Ɗanasabe bai motsa ba. Hidaya ta miƙa masa kumburarren hannunta, ta haɗa 'yar Hausar da take da ita.

"Baba, fito. Na buɗe."