Wutar da Haladu Ya Kunna a Kogo

Ku matso kusa, ku rage murya. Wannan ba tatsuniya ba ce, a ƙauyen kakanninmu aka yi ta.

Akwai wani mutum, Haladu, mai lambun mangwaro a gindin dutse. A cikin dutsen akwai kogo cike da jemagu. Da magariba in suka fito, sai sama ta yi baƙi. Duk shekara sukan taɓa masa mangwaro, abin yana ci masa rai.

Matarsa Kande ta ce, "Malam, ka ƙyale su. Kashinsu fa kake kwasowa kana zuba wa gona."

Ya ce, "Ɓarayi ne."

Ran nan da rana tsaka, jemagu na barci, ya toshe bakin kogon da ƙaya, ya jibga tsofaffin tayoyi, ya banka wuta. Kukan da suka yi har cikin gari an ji. Bai tashi ba sai da kogon ya yi tsit.

Rana ta faɗi, ya kamo hanyar gida shi kaɗai. Sai ga wata tsohuwa tsugune bisa wani falalen dutse, lulluɓe da baƙin zane. Ƙauri take yi.

"Sannu, Iya."

Da ta yi magana, muryar siririya ce, har cikin haƙoransa ya ji ta.

"Kai ne mai wutar?"

"Ɓarna suke yi mini, Iya."

"Kukar ƙofar gidanka, wa yake shiga furenta kuna barci har ta yi 'ya'ya? Sauron fadamar nan, wa yake rage muku shi?"

Haladu ya sunkuyar da kai don kada su haɗa ido. Nan ya ga ƙafafunta. Yatsun dogaye ne, lanƙwasassu kamar ƙugiya, sun damƙe dutsen, kuma baya suke kallo. Wani abu ya motsa cikin zanen. Ɗan jemage ne manne a ƙirjinta, gashinsa duk ya babbake.

Ta miƙo masa ɗan bishiyar kuka guda.

"Karɓi. Shi ne na ƙarshe."

Hannunsa ya karɓa ba da son ransa ba. Ya zuba a guje, bai waiwaya ba. Da ya isa gida ya fasa, babu gari, babu ƙwallo. Toka ce zalla.

Damina ta zo. Kukokin garin suka yi fure fari fat, furen ya zube, ko ɗa ɗaya bai kama ba. Tsutsa ta shiga dawa. Sauro kuwa, ko a masallaci sai mutum yana marin jikinsa. Zazzaɓi ya bi gida gida, ya kama Ladidi, autar Haladu. Kafin a samo motar asibiti ta cika a kan cinyar uwarta.

Bayan masu gaisuwa sun watse, Kande ta fito tsakar gida da magariba. Ta daɗe tana kallon sama, fayau, ba ko fiffike.

Ta ce, "Ga mangwaronka can, Malam. Yanzu ba mai taɓa maka."

Ba ta ƙara tayar da maganar ba har suka tsufa.

Haladu ya koma kogon. Ya janye ƙayar, ya kwashe toka da hannunsa, ya dasa ɓaure a bakin hanya ko jemagun za su ji ƙanshi su dawo. Duk wanda ya gani da danƙo ko bindiga kusa da dutsen, sai ya tare shi yana roƙo. Kullum yamma yakan tsaya a bakin kogon ya ce, "Iya, na tuba."

Ba a taɓa amsa masa ba. Har ya bar duniya, jemage ko ɗaya bai dawo ba.

Saboda haka in kun ga jemage rataye a bishiya, ku wuce, kada ku jefa. Hanyar kogon nan kuwa, kada wanda ya bi ta shi kaɗai bayan la'asar. Masu itace sun ce tsohuwar tana nan tsugune, kuma duk wanda ya zo wucewa tambaya ɗaya take yi masa: "Kai ne mai wutar?"