Albasa Mai Ganye Bakwai

Ranar Litinin da hantsi aka kawo wa Insifekta Mairama rahoton sata a ofishin 'yan sanda na Boɗinga. An fasa ofishin Ƙungiyar Tsiro, ta mata masu adana irin albasa, an ɗauke hatiminsu.

Shugabar ƙungiyar, Bara'atu, ita ta zo da kanta. Shekara uku ta yi tana fama da takardun rajista, ana ce mata aikin ba na mace ba ne. Yanzu an buga sunayen amintattun ƙungiyar a jarida, an ba da kwana ashirin da takwas ga duk mai ƙorafi, saura huɗu. Sai takardar shaida ta fito sannan za su nemi rajistar tambarinsu, albasa mai ganye bakwai, da sunan ƙungiya.

"Manoman Lambara sun rubuta ƙorafi," in ji ta. "Sun ce irin da sunka saya da tambarinmu bai fito ba. In takardar nan ta tafi, an tsai da mu. Amma ni na san abin da munka ɗura."

Mairama ta duba ƙofar ofishin. An karya kwaɗo, amma mariƙinsa bai ko lanƙwashe ba, kamar an buɗe shi ne sannan aka fasa shi a ƙasa. Mutum uku ke da makulli: Bara'atu, da Inna Dije mai kula da ɗurin iri, da sakatare Ismail.

Ismail ya tarbe ta da fara'a. Ya ce ranar Alhamis ya buga hatimin a wasiƙa, ya mayar da shi aljihun tebur. A ganinsa ɓarayi ne suka sace shi suka buga wa jabun iri.

Mairama ta rubuta ranar, ta ja layi a ƙarƙashinta.

A Lambara, Malam Hammadu, ɗaya daga cikin manoman, ya kai ta bakin fangalinsa, inda ya watsa irin. Ƙasa ce tsirara, an yi mata ban ruwa har ta yi laushi, babu ko tsinke ɗaya kore. Takardar ƙorafin tana aljihunsa da sa hannun mutum goma sha tara.

"Baba, yaushe kunka watsa irin?"

"Kwana goma sha shida yau, ɗiyata. Iri nagari ba ya wuce kwana goma bai huda ƙasa ba."

Mairama 'yar manomi ce, ta san gaskiya ya faɗa. Ke nan an buga wa jakunkunan irin nan tambari tun hatimin yana cikin aljihun tebur. Ta karɓi jaka ɗaya da ba a buɗe ba, ta roƙe shi ya riƙe takardarsa zuwa Laraba. Ya ce daga Laraba ba zai ƙara ko wuni ba, don lokacin dashe ba ya jiran kowa.

A kasuwar Shagari, Ashiru mai sayar da iri, wanda manoman suka saya a wurinsa, ya rantse cewa daga hannun matan ya karɓi kayan. Da ta nemi sunan mace ɗaya, sai ya ce ai wani direba ne ya kawo. Da ta nemi sunan direban, sai ya shiga gyara buhunan da ba su karkace ba. Ta bar masa sammaci.

Washegari ta nufi Sifawa, gidan Inna Dije. Kofur ɗin da ya rako ta ya tsaya a zaure, don maza ba sa wuce nan. A tsakar gida mata takwas suna zaune a tabarma suna ɗinke 'yan jakunkunan yadi.

Inna Dije ta karɓi jakar Lambara, ta juya ta, ta taɓe baki.

"Wanga ba aikinmu ba ne. Dubi tambarin, duk ya yi zanzana. Sai da anka cika jaka sannan anka danna hatimi bisa ƙwaya. Mu jaka wofi muke bugawa, bisa faifai, ta bushe kafin a zuba komai."

Ta farke bakin jakar ta zazzage a tafin hannu. Babu tokar karan gero da suke cuɗa iri da ita saboda ƙwari. Ta murza ƙwayar, ta ce irin bara ne da suka ware don zubarwa, buhu biyu, suka aika da shi ofis.

"Wa anka ba aikin zubarwa?"

"Wa ke akwai ban da ɗan biro, sakatarenmu?" in ji tsohuwar.

Mairama ta ari jaka wofi ɗaya da kwanon iri.

Ranar Laraba da safe ta tara su a ofishinta: Bara'atu, Ismail, Ashiru, da Malam Hammadu. Ta ajiye jakar da kwanon da wani hatimin ofis a kan tebur, ta ce Ismail ya nuna wa Malam Hammadu yadda ƙungiya ke haɗa kayanta.

Ya naɗe hannun riga. Ya cika jakar taf, ya ɗaure, ya danna hatimi a kai. Tambarin ya fito da zanzana, iri ɗaya da na Lambara.

Bara'atu ta dube shi.

"Malam Ismail," in ji Mairama, "ka ce Alhamis hatimi yana hannunka. Irin Lambara ya kwana goma sha biyu a ƙasa kafin Alhamis. Cikin masu makulli uku, kai kaɗai ba ka taɓa ganin yadda ake ɗuri ba."

Ashiru ya yi saurin cewa shi dai a babur ɗin Ismail aka kawo masa kayan.

Ismail ya zauna. Ya ce ganin buhunan ya yi a banza, ya sayar. Da ya ji manoma sun taso, sai ya fasa kwaɗon ya ɓoye hatimin a cikin tankin babur ɗinsa na da.

"Ni na zana albasar nan da hannuna," ya ce da murya ƙasa-ƙasa. "Amma da anka zo rubuta amintattu, babu sunana. Na ce in ƙungiya ta faɗi, sai in kai tambarin rajista da sunan shagona."

"Ka zana, ba mu musa ba," in ji Bara'atu. "Ganye bakwai ɗin, mata bakwai ne da sunka fara da tabarma ɗaya. Wanne ne naka?"

Kofur ya sa masa ankwa ya fita da shi, Ashiru yana biye don ba da jawabi.

Malam Hammadu ya zaro takardar ƙorafin, ya ninke ta huɗu, ya miƙa wa Bara'atu. Ya tambaya ko akwai sauran irin bana.

"Akwai, Baba. Yau zan kai muku Lambara da kaina. In bai fito cikin kwana goma ba, ku rubuta wata, ni zan kai ta."

Ta juya ga Mairama ta tambayi yaushe za a sakar mata hatiminta. Mairama ta ce sai kotu ta gama da shi.

"To, a yi sauri, ranki shi daɗe," in ji Bara'atu. "Jibi wa'adi ke cika, kuma da jakunkuna wofi suna jira a Sifawa."